Na je Epe na gano wa ƴan ƙungiyarmu yadda ake zama a can

Duk wanda ke zaune Agege ya san yadda haya ta koma, mai gida ya ƙara, ejan ma ya yanki nasa, shi ya sa a taron ƙungiyarmu hira ta koma kan Epe, wai fili da arha wai ga matatar Dangote a kusa. Shugabanmu ya ce, "Malam, kai ne mai biro, je ka gano mana yadda mutanen wajen ke zaune kafin wani ya zuba kuɗinsa a ruwa." Na ce to Alhaji, an gama.

Abu na farko, matatar nan da aka buɗe a 2023 ba a Epe take ba, tana Ibeju-Lekki, masu tallan fili ne ke haɗe su kamar ƙofa da ƙofa. Ita Epe cikin ƙananan hukumomi 20 na Legas babu mai faɗin ƙasarta, amma a ƙidayar 2006 mutanenta ba su kai 200,000 ba alhali Alimosho ta haura miliyan ɗaya, to ka ga inda filin yake, sai dai wani daji ne wani fadama. Ta Ikorodu na bi na ɓulle ta Itoikin, akwai kuma hanyar Ajah in kana da haƙurin cunkoso.

Wajen Sarkin Hausawa na fara sauka, shi ya haɗa ni da yaron da ke jin Yarbanci sosai, kuma kowane ƙauye muka shiga sai mun fara gaida baale, wato mai garin. Ba don haka ba wallahi babu mai buɗe maka baki, suna ganinka da littafi sai su ɗauka gwamnati ce ta turo ka awon fili.

Cikin gari kam ba laifi. Musulmi ne da yawa, masallatai ko'ina, har bikin Kayo-Kayo suke yi a farkon shekarar Musulunci suna tuna zuwan Sarki Kosoko wanda Turawan Ingila suka kora daga Legas a 1851. Kasuwar kifi ta Oluwo kuwa mata ne ke riƙe da ita, na tsaya ina kallon wata dattijuwa gabanta baho cike da tarwaɗa masu rai suna watsal-watsal, masunci na sauke kaya daga kwale-kwale tana ciniki da shi tana ciniki da mai saye a lokaci ɗaya, ko kallon lalitarta ba ta yi take ciro canji. Namu mutanen suna nan su ma, masu albasa da tattasai, ƴan ga-ruwa, masu gadin gine-gine, da ƴan acaɓan da suka gangaro bayan an hana su aiki a Ikeja da Surulere da su Apapa a 2022.

Da ka bar gari zuwa ƙauyukan bakin ruwa sai labari ya sauya. Na tambayi maza yaya ruwan sha, kowa ya ce akwai alhamdulillahi. Sai da matar mai masaukinmu ta ɗebo mini na rijiyarsu a kofi, ja-ja da shi yana ƙarnin ƙarfe, ta ce da shi ake wanki da wanka, na sha kuma saye ake yi ko a tari na sama. Daga nan na koma tambayar mata, su suka gaya mini in naƙuda ta zo da dare sai an nemo mai kwale-kwale kafin a kai ga asibiti, su suka san makarantar da malami ke zuwa da wadda ba ya zuwa. Wuta kuwa kar ka tambaya ko akwai, kowa zai nuna maka turke da waya, ce musu yaushe rabon da a kawo. Sola da ƙaramin janareto ne ke riƙe da shagunan caji.

Maganar fili ita ta fi ci min lokaci. Akwai omo onile, ƴaƴan masu ƙasa, ka biya wannan gobe ɗan uwansa ya zo ya ce ba da saninsa aka sayar ba, ranar zuba harsashi ma da kuɗinsu daban. Wasu filayen kuma tuni gwamnati ta karɓe su, sai safiyo ya duba maka taswira za ka gane. Wani bawan Allah ɗan Sakkwato ya kai ni nasa, da rani ya saya, muna tsaye ruwa na taɓa mana idon sawu.

A rahoton da na karanta wa ƴan ƙungiya na ce mai sana'ar da za ta ci a can, kayan miya ko gadi ko acaɓa, ya je ya kama haya tukuna ya ga damina ɗaya da idonsa. Wanda kuma kasuwarsa ke Mile 12 ko mayankar Oko-Oba ya zauna inda yake, don abin da zai rage a haya kuɗin mota zai cinye.