Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Zuwana Gidan Yaya

A makon jiya na tsaya a inda na ɗaga katifar ɗana Abba zan shanya, na tarar da kwalaben maganin tari a ƙarƙashinta, da fallen ƙwaya da aka ɓalle rabi.

Da daddare, bayan Malam ya ci tuwo, na jera su a gabansa. Ya daɗe yana kallo kafin ya ce, "Ki zuba su a masai. Kuma kada maganar nan ta wuce ƙofar ɗakin nan. Muna da 'yan mata biyu a gaba, wa zai zo neman aure gidan ɗan ƙwaya?" Har yau ban ga laifinsa sosai ba. Haka aka rene mu duka, rufin asiri ya fi komai, ko da gidan yana ci da wuta.

Sai muka shiga magani irin namu na gida. Malam ya sa bulala, ya soke kuɗin tara, ya riƙa kulle ƙofa da an idar da isha'i. Abba yana shekara 17 a lokacin. Ya daina kuka idan ana dukansa, ya daina kallon kowa a ido. Tun watan Mayun 2018 gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin, kwalbar ta yi tsada, to sai yara suka karkata ga ƙwayoyin tramol da roci. Ni ban san wannan ba sai daga baya. Abin da nake gani kawai shi ne harshen ɗana ya yi shuɗi, in na tambaya ya ce alewa ya sha, maganarsa tana ja, ya yi barci da loma a hannu.

Ranar da ya faɗi a zaure yana karkarwa, kumfa na fita a bakinsa, surukata ta ce iska ce, aka kira mai ruƙiyya. Addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza, amma aljanin nan muna sane da sunansa, ni da Malam, muka yi shiru ana ta tofi. Bayan nan wani abokin Malam ya kawo shawarar gidan mari. Har an fara maganar kuɗin wata, sai ga labarin unguwar Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019: 'yan sanda sun shiga wani gida sun fito da mutum sama da 300, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabo. Akasarinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, don neman shiriya. Muna jin labarin a rediyo Malam ya tashi ya fita, bai sake ta da zancen ba.

Washegari na ce masa zan je gaida Yaya. Ya ce a dawo lafiya. Na tabbata ya san ba gaisuwa kaɗai za ta kai ni ba.

Yaya tsohuwar ungozoma ce, ta yi ritaya. Na same ta tana tsince shinkafa a faranti. Na zauna ina ta kewaye-kewaye, har ta ajiye farantin ta ce, "Ke, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Me ya samu Abba?" Ashe tun bikin sallah ta lura da idonsa. Na yi kuka har na gode Allah, ba ta hana ni ba. Da na lafa sai ta ce, "Kina zaton ke kaɗai ce? Binciken da aka fitar farkon shekarar nan ya ce mutum miliyan 14.3 ne ke shaye-shaye a Najeriya. Kowannensu yana da uwa, kuma kowace tana ɗaki ta rufe ƙofa tana cewa ita kaɗai ce." Ita ta faɗa mini tramol yana kawo irin faɗuwar da ya yi.

Iyaye mata 'yan'uwana, ba cewa nake ku kai zancen 'ya'yanku gidan biki ba. Akwai bakin da in ya ji da safe, kafin la'asar unguwa ta ɗauka. Amma a dangi ko maƙwabta ba a rasa mutum ɗaya mai riƙe magana, wanda kuma ya san hanya. Da can ɗa na kowa ne: goggo ta tsawata, kawu ya ɗauka riƙo, kaka ta lallasa. Yanzu kowa ya ja katanga, an bar mace da miji su kaɗai da abin da ya fi ƙarfinsu.

Yaya ba ta tunkari Malam da kanta ba, ta san halin maza. Kawunsa ta samu, wanda ya yi masa walicci, shi ya kira shi. Ban san me suka tattauna ba. Malam dai ya dawo ya ce, "Ki shirya yaron, Litinin za mu Barnawa."

A Kaduna, in aka ce an kai mutum Barnawa, kowa mahaukaci yake kawowa a ransa, saboda asibitin ƙwaƙwalwa da ke can. Na shiga asibitin da niƙabi don kada a gane ni, sai ga mata cike da benci, wata da ɗiya budurwa, wata da jika. Ta kusa da ni ta matsa mini wuri ta ce, "Naki ma sabon zuwa ne? Ki kwantar da hankali, nawa wata na huɗu ke nan."

Likitan bai yi wa Abba faɗa ba, abin da ya ba Malam mamaki. Ya yi mana bayani cewa jikin da ya saba da ƙwaya, in an yanke masa sai zawo, hamma, ciwon gaɓoɓi da rashin barci, shi ya sa yaro zai rantse da Alƙur'ani ya daina, bayan kwana uku ya koma. Wasu ƙwayoyin ma haɗari ne a tsayar da su lokaci ɗaya, sai a hankali, likita yana dubawa. Ya ce za a iya zamewa a hanya, kada mu ce magani bai yi ba. Sannan ya nemi mu ba su wuri.

Mun jima a waje. Da aka buɗe ƙofa, ni kaɗai ya kira. Ya ce, "Hajiya, Abba ya yarda in faɗa miki wanda ya fara ba shi. Ki zauna tukuna, domin mutumin yana cin abinci a gidanku."

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.