Laraba a Wuhan, kan takardun 'yan shekarar farko

Tun bayan sallar asuba na zauna kan rubutun Turanci na ɗaliban shekarar farko, wanda malamar da nake taimaka wa a sashenmu na jami'a, a nan birnin Wuhan na ƙasar Sin, ta ɗora mini gyaransa. Tambayar da aka yi musu ita ce ko ya dace a hana shiga aji da wayar hannu. Kusan kowace takarda ta buɗe da "I think", amma kafin a kai ƙarshen sakin layi sai "we must" ko "we should" ya biyo baya, wato abin da ya faro a matsayin ra'ayin mutum ɗaya ya rikiɗe ya zama umarni ga kowa. Kalmomin da ake nuna zato ko shakka da su, irin su "suggest" da "doubt", da ƙyar na ci karo da su.

Ana yawan cewa ɗaliban Sin suna da kawaici, don haka suke sassauta magana a rubutu, sai dai takardun nan ba su gaskata hakan ba. Tun a 1997 masu binciken harshe Ken Hyland da John Milton suka kwatanta rubutun ɗaliban Hong Kong da na takwarorinsu na Birtaniya, suka tarar 'yan Hong Kong sun fi yanke hukunci kai tsaye, kuma kalmomin da suke juyawa 'yan kaɗan ne.

Da la'asar wata ɗaliba ta zo karɓar takardarta, ta miƙo hannu biyu kamar yadda suke yi wa malami. Na nuna mata inda ta rubuta "as we all know", wato "kamar yadda duk muka sani", a gaban wata magana da ita kaɗai ta ƙirƙiro, mai kyau kuwa, na tambaye ta dalili. Ta ce, "Laoshi (wato malam), idan na ce tawa ce, kamar ina ɗaga kaina ne, idan kuma na ce ina shakka, mai gyara zai ɗauka ban yi karatu ba." Ta ƙara da cewa haddace irin waɗannan jimloli aka sa su yi lokacin shirin gaokao, jarrabawar shiga jami'a, kuma da su za ta shiga CET-4, jarrabawar Turanci ta ɗaliban jami'a, inda minti 30 kacal ake bayarwa don rubutun.

A ganina kawaicin yana nan, amma ɓoye mai magana yake yi: ɗaliba takan fake a bayan "mu", daga can kuma ta yi magana da cikakken ƙarfi. Abin yana da tushe, domin a tsohuwar jarrabawar ɗaukar ma'aikatan sarkin Sin, wadda aka soke a 1905, ana son mai rubutu ya yi magana da bakin Confucius, babban malamin hikima na Sin a zamanin da, da sauran magabata, kodayake ina jin malaman shirin jarrabawa na yanzu sun fi magabatan hannu a ciki.

Da daddare na aika wa malamar saƙo ta WeChat, ina neman ta ba ni rabin darasin mako mai zuwa, a sa kowa ya sake rubuta sakin layinsa na farko ba tare da "must" ba. Ta amince, da sharaɗin kada na rage musu maki a kan wannan.