Ranar sauya tiyoyin mai na tsohuwar Beetle

Asabar. Tun da hantsi na shiga gareji domin aikin da na yi makonni ina ɗagawa, wato sauya tiyoyin fetur na tsohuwar motata, Volkswagen Beetle ƙirar 1972. Abin da ya hana ni sakat shi ne warin mai da ke tarbata duk lokacin da na ɗaga murfin injin, alhali ban taɓa ganin ko ɗigo ɗaya a ƙasa ba.

Kafin in taɓa komai na cire wayar batir da ke ƙarƙashin kujerar baya, na wangale ƙofar gareji, na ajiye tukunyar kashe gobara kusa da hannuna. Tankin wannan mota a gaba yake, injin kuma a baya, saboda haka man yana bi ta bututun ƙarfe da ya ratsa tsakiyar motar, guntayen tiyon roba huɗu kuma suna haɗa hanyar: ɗaya a ƙarƙashin tanki, ɗaya a gefen giyabos, ɗaya zuwa famfon mai, na ƙarshe daga famfo zuwa kafireto, wato na'urar da ke gauraya mai da iska kafin su shiga inji. Na juye man tanki a jarka, amma duk da haka ragowar ta gangaro mini har gwiwar hannu sa'ad da na zare tiyon farko.

Tsofaffin tiyoyin irin masu rigar zare ne a waje, kuma a ido lafiyarsu ƙalau, shi ya sa suka daɗe suna yaudarata. Da na lanƙwasa na kusa da famfo sai zaren ya yi damshi. Na tsaga shi da wuƙa a tsaye, na tarar robar ciki ta tsattsage kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe, tana marmashewa baƙi a yatsuna. Shekaru da zafin inji sun yi nasu, sannan ga sinadarin etanol da ake gauraya fetur da shi a ƙasashe da dama, har kashi 10 cikin 100, wanda ba a yi robar wancan zamani don jure masa ba. Sabon tiyon da na sa mai lambar SAE J30 R9 ne, wato lambar ma'aunin ingancin tiyon mai, faɗin cikinsa milimita 5.5. Da farko na yi kuskuren sayen mai rubu'in inci, wato milimita 6.35, wanda yake zama sako-sako a kan bututun komai ɗaurin kilif.

Inda hankalina ya fi tashi shi ne a kan kafireton, ƙirar kamfanin Solex. Ɗan bakin tagullar da tiyo ke shiga ba a murɗa shi aka yi ba, dannawa kawai aka yi, kuma da na ja tiyon sai na ji yana motsi. Wanda ya riƙe motar kafin ni ya rataya filtar roba tsakanin famfo da kafireto, nauyinta yana jijjiga wannan baki duk tsawon tafiya. Da ya fice, famfo zai ci gaba da feso mai a kan distirbuta, na'urar raba wa fulogi wuta, mai tartsatsi, gidan injin kuwa da haɗin maganiziyam aka yi shi, ƙarfen da in ya kama wuta ruwa ƙara masa ƙarfi yake yi. Na mayar da filtar can gefen giyabos, na karkarce bakin tagullar don ya kama, na buga shi a hankali ya zauna, sannan na ɗaure kilif ɗinsa da siririyar waya a jikin kafireto.

Da la'asar na mayar da mai da batir. Sai da na yi ta murza makulli kafin famfo ya cika kafireto injin ya tashi, na bi kowace mahaɗa da farar takarda, duk suka fito a bushe.

Duk da haka motar ba za ta hau titi ba tukuna. Robar da ke kare bututun ƙarfe a inda ya ratsa kwanon gaban inji ta ruɓe ta faɗi tuntuni, kuma kaifin kwanon ya ci bututun har farcena yana maƙalewa a wurin. Na sa sabuwar roba, na auna tsawon bututun na rubuta, sai ranar da sabo ya iso.