Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kwas ɗin da Ya Haɗa Ni Musu da Baba

A makon jiya na tsaya a inda sakamakon aji biyu ya fito, na tsallake kwas ɗin akanta da ƙyar da jiɓin goshi. To yau ga mu a aji uku, ƙarshen shekarar 2016.

Cikin kwasa-kwasan da aka jera mana akwai na kasuwancin ƙasa da ƙasa, wato yanayin da ɗan kasuwa ke tararwa idan ya ƙetare iyaka, da hukumomin da ke riƙe da akalar abin. 'Yan ajin da ke gabanmu sun riga sun tsorata mu, wai haddar shekaru da sunayen ƙungiyoyi ce zalla. Da rana tsaka ake yin sa, fankoki sun tsaya cak, kowa na fifita da takardar darasi.

Malamin dattijo ne siriri, ba ya ɗaga murya. Kullum ya shigo, kafin ya ajiye jaka zai nuna mutum ɗaya ya ce, "Nawa dala ta kwana a Wapa?" In ba ka sani ba, a tsaye za ka ƙarasa lakcar. A lokacin kuwa tambayar na da zafi. Babban Banki ya daɗe yana riƙe da dala a kan naira 197, a watan Yunin 2016 ya sake ta, kafin mu gama zangon ta haura 500 a hannun 'yan canji. Ni ban taɓa tsayuwa ba, domin a gidanmu farashin dala shi ne gaisuwa ta biyu bayan "ina kwana".

Daga Wapa sai ya ja mu baya zuwa 1944, wani otel a Bretton Woods ta Amurka, inda ƙasashe 44 suka zauna ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, suka haifi Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, da Bankin Duniya. Ya ce mu lissafa ƙasashen Afirka da ke wurin. Muka yi ta kame-kame. Huɗu ne: Masar, Habasha, Laberiya da Afirka ta Kudu. Mu a lokacin muna aljihun Ingila. A wannan zaman aka ɗaure dala da zinare, dala 35 kowane oza, sauran kuɗaɗe aka ɗaure su da dala, har 1971 da Shugaba Nixon ya kwance igiyar. Ya kuma nuna mana yadda ake ƙuri'a a IMF: gwargwadon kuɗinka, gwargwadon muryarka. Manyan hukunce-hukunce sai da kashi 85 cikin ɗari, Amurka ita kaɗai tana da sama da kashi 15. Bai ƙara komai a kai ba, ya bar mu muka yi lissafin da kanmu.

Ranar da aka zo kan SAP, wato shirin yi wa tattalin arziki garambawul na zamanin Babangida, jikina ya yi sanyi. A 1985 Janar Babangida ya ce 'yan ƙasa su yi muhawara kan ko a karɓi bashin IMF. Jama'a suka ce ba sa so, gwamnati ta ce ta ji. A 1986 sai ga sharuɗɗan sun shigo ba tare da bashin ba: aka karya darajar naira, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona har da ta auduga, aka sassauta shigo da kaya. Daga nan Malam ya bi da mu ta kan kafa Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, mai hedkwata a Jeneba, a 1995 da Najeriya a ciki tun ranar farko, shigar ƙasar Sin a ƙarshen 2001, da cire ƙayyade yawan tufafin da ƙasashe ke fitarwa a farkon 2005. Yana jero shekarun ina jin kamar tarihin gidanmu yake karantawa.

Masu bibiyar labarin nan sun san a Kaduna aka haife ni. Baba ya yi ƙuruciyarsa kaf a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, sashen buga zane. Da aka rufe ta muka dawo Kano, yayansa ya ba shi tebur a Kantin Kwari, a hankali ya kama shago. Abin da yake sayarwa kuwa atamfar Sin ce, wadda ta kori tasu daga kasuwa.

Daren nan na same shi a tsakar gida bayan Isha, ya ture kwanon tuwo gefe, ga kalkuleta ga littafin bashi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, yau na gano waɗanda suka kashe masaƙarku."

Bai ɗago ba. Ya ce, "To Uwata, su wa ke nan?"

Na zayyano masa komai, da shekaru da sunaye, ina ji da kaina. Ya saurara har na kai aya, sannan ya cire tabarau.

"Ita wannan ƙungiya ta Jeneba ita ce ke ɗauke mana wuta ana tsakiyar aiki? Ita ke hana mu baƙin mai, tukunyar tururi ta huce, ma'aikata dubu su zauna suna kallon juna?" Ya ce bayan an rushe hukumar auduga, iri ya gauraye, manoma suka koma zuba auduga a buhun leda. Zaren ledar nan yana shiga cikin saƙa, ba ka ganinsa sai an yi rini, domin ba ya kama launi. Sai ka ga farin layi siriri ya ratsa turmi guda, an mayar da shi kaya mai daraja ta biyu. Ya ce sukan fitar da sabon zane, kafin a jima kwafinsa ya cika kasuwa a rabin kuɗi, har da sunan kamfani a bakin zanen. "Zamanin Obasanjo ai haramta shigo da atamfa aka yi. Ta daina shigowa? A sauke a Kwatano, a rubuta Nijar za ta, ta kwana Maraɗi, gari ya waye tana Kwari. Baturen Jeneba ne ke tsaron Jibiya?"

Ban saki ba. Na ce, "Amma Baba, ai tun can wutar ba ta tsayawa, kuma kuna aiki ba dare ba rana. Me ya sa sai bayan SAP abin ya fara zamewa?"

Ya ɗan yi shiru. Ya ce wannan kam da gaskiyata, kayan gyaran inji da sinadarin rini duk da dala ake sayo su, da naira ta faɗi sai kamfani ya koma cire ƙarfen wannan inji yana gyara wancan. "Amma wa ya sa hannu a takardar? Ba namu ba ne?" Inna ta leƙo ta ce dare ya yi, boko ba zai biya bashin Kwari ba. Har yau in zancen ya taso, shi yana kan bakansa, ni ina kan nawa.

Da na kai wa Malam wannan musu bayan lakca, cewa ya yi in rubuta shi a matsayin aikin gida, kuma kada in raba gardamar da son rai. Ya ce abin da Baba ya lissafo, wuta da mai da iyaka da kwastam, shi ne rabin kwas ɗin da ake kira yanayi, ni kuma na riƙe rabin hukumomi na gudu da shi.

Abu ɗaya da ya riƙa ci mini rai a zangon nan shi ne littattafanmu. Kusan dukkansu an rubuta su ne don ɗalibin da zai yi aiki a kamfanin Amurka ko na Turai, yana neman ƙasar da zai shiga. Babin haɗarin siyasa, babin cin hanci, babin faɗuwar kuɗi, duk misalan irinmu ne. Mu ne wurin da ake shiga a yi hattara. An koya mana takardar lamunin banki da ta shaidar loda kaya a jirgin ruwa dalla-dalla, amma babu shafi ko ɗaya kan yadda Baba ke miƙa naira a Wapa da safe, kafin La'asar wakilinsa a Gwanzu ta ƙasar Sin ya kira ya ce kuɗi sun iso, ba tare da an sa hannu a ko'ina ba.

Dab da jarrabawa Malam ya raba mu rukuni-rukuni, ya ce kowanne ya zaɓi haja ɗaya ta gida da ƙasar da zai kai ta, ya binciko duk abin da zai tare masa hanya. Namu rukunin ya ɗauki wake, saboda Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya tun 2015 kan yawan maganin ƙwari da ake samu a ciki. Wannan na nufin sai mun je kasuwar Dawanau mun zauna da masu sito. Baba ya ce ba zan taka Dawanau ba sai da yayana. Shugaban rukunin namu kuwa, wani ɗan Damagaram mai yawan shiru, ya ce kawunsa na da sito a can, shi zai yi mana jagora.

Yadda tafiyar ta kasance, da abin da ya sa Yaya ya daina yi wa ɗan Damagaram ɗin magana tun a mota, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.