Auta ya ce ya koma Mets

Alhamis, 27 ga Maris, 2025. Bronx.

Yau aka buɗe kakar besbol, kuma duk da gajiyar tahajjudin jiya da fara'a na tashi. Ƙungiyata Yankees ce ke karɓar baƙuncin Brewers. Tun da hantsi titin 161 da ke bakin filinmu ya cika maƙil, kowa da hular NY a ka, masu sayar da riguna sun baza kaya har gindin matakalar tashar jirgin ƙasa mai lamba 4. Ƙamshin soye-soye kuwa, mai azumi sai haƙuri. Nesa da filin na riƙa sauke fasinja ina juyawa, don wanda ya kutsa da mota cikin wannan cunkoson ya gama aikin ranar.

A rediyon mota na bi wasan. Boone, kocinmu, ya sa Wells farkon masu duka, shi da aikinsa tsugunno a bayan mai duka yana cafke ƙwallo, irin waɗanda aka saba turawa can ƙasan jeri. Fitowarsa ta farko ya aika ƙwallo bayan katanga, ya ci mana maki. Volpe ma ya bi sahu a zagaye na biyu. Rodón ya yi jifa mai kyau. Sai a zagaye na tara, na ƙarshe, mai jifanmu Devin Williams, wanda daga Brewers ɗin ma aka ɗauko shi, ya bari suka cika sansani uku ba a fitar da ko mutum ɗaya ba. Gefen titi na samu na tsaya, hannuna ya kasa riƙe sitiyari. Allah ya taimaka ya fitar da Chourio, ya fitar da Yelich, aka tashi 4 da 2. Alhamdu lillahi.

Da murnata na shiga gida dab da shan ruwa. Maman yara na jera dabino da kunu, Auta na kan kujera ya ƙura wa waya ido. Na ce, "Auta, ka ga abin da Wells ya yi?" Bai ɗago ba. Ya ce, "Baba, tsaya, Soto ne zai duka."

Wasan Mets yake kallo, ɗaya ƙungiyar ta New York da Soto ya bar mu ya koma, suna Houston. Zagaye na tara, ana cin su 3 da 1, mutum biyu na kan sansani, Hader na jifa. Soto ya kai duka bai samu ba, wasa ya ƙare. Yaron nan ya kife wayar a cinya, idonsa ya kawo ruwa. Na ce, "To kai meye naka a ciki? Mu ai mun ci." Ya ce, "Baba, ni bana Mets nake yi."

Na ɗauka wasa yake. Na ce masa mutumin da ya zauna da mu shekara ɗaya tak, aka nuna masa dala miliyan 765 ya kwashe kayansa ya tsallaka Queens, shi za ka bi? Rahotanni sun ce Yankees ma sun miƙa masa 760. Na ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ya yi shiru, sannan a hankali, ba da rashin kunya ba, ya ce, "Baba, kai ma ai ka bar Kano saboda an fi biya a nan."

Uwarsa ta daka masa tsawa. Ni ban ce komai ba. Lokaci ya yi, muka sha ruwa, muka yi Magariba, yana gefena kamar kullum.

Har yanzu maganar tana cina. A ganina ba ɗaya ba ne. Ni ban bar Kano ina da miliyoyi a gabana ina zaɓen wanda ya fi tsoka ba, da jaka ɗaya na fito, kuma akwai bakunan da har gobe suke jiran abin da zan aika ƙarshen wata. Amma in na tsaya na duba, Soto yana da shekara 16 aka ɗauke shi daga Santo Domingo. Washington ta tura shi San Diego, San Diego ta turo shi nan, ba wanda ya nemi izininsa. Wannan ne karon farko da aka ce masa zaɓi da kanka. Abokin aikina na gareji, ɗan ƙasarsu, tun Disamba yake gaya mini haka, ina toshe kunne. Daga bakin ɗana sai ta shige ni.

Abin da ya fi min ciwo ba Soto ba ne. Wannan wasan a wurin Auta na koye shi. Ni da Pillars na tashi, da na zo ƙasar nan ban ga abin kallo ba a mutum ya tsaya da sanda ana jifansa. Shi ya zaunar da ni ya nuna mini me ya sa kuskure jifa uku ke fitar da mutum, me ya sa jifa huɗu da suka kauce ke ba shi tafiya kyauta. Hausarsa tana raguwa, Turancina ba ya kai inda nasa yake, amma in Yankees na wasa muna da abin faɗa har dare. Daren Oktoban bara da Soto ya buga wadda ta kai mu wasannin ƙarshe na cin kofi, a Cleveland, zagaye na goma, a wuyana yaron nan ya rataye yana ihu. Da Judge ya saki ƙwallo a wasa na biyar, muna gaba da ci 5 Dodgers suka dawo suka ɗauke kofi a gidanmu, tare muka zauna jugum. Wasa 162 ne a kaka. Ina tunanin bana shi yana ɗaki da wayarsa, ni ina falo.

Kuma gaskiya ƙungiyar tamu tana da rauni, nasarar yau ba ta rufe mini ido ba. An yi wa Cole, babban mai jifanmu, tiyatar gwiwar hannu, bana babu shi gaba ɗaya. Gil na jinya, Stanton na jinya. Goldschmidt shekararsa 37. Fried da aka ba dala miliyan 218 yanzu dole ya ɗauki kayan Cole a kan nasa. Judge ya buga 58 bayan katanga bara, amma a lokacin Soto na gabansa a jeri yana wahalar da masu jifa kafin su iso kansa. Bellinger ɗan wasa ne mai kyau, sai dai ba zai cike wannan gurbin ba. Boston sun ɗauko Crochet da Bregman, ba za su zo da sauƙi ba. Ina sa ran za mu kai Oktoba, lokacin wasannin neman kofi. Kofi na 28 kuwa, wanda muke jira tun 2009, ban gan shi bana ba muddin Dodgers na nan da Ohtani.

Gobe babu wasa, sai Asabar. Tela bai gama ɗinkin Sallah ba. Tayar baya tana sace iska.

Bayan tarawihi maman yara ta gaya mini tun makon jiya Auta ya roƙe ta ta yi mini magana, hular Mets yake so a barka da Sallah, mai shuɗi da ruwan lemo, ya kasa tunkarata da kansa. Wannan ma ya dame ni, ɗana yana jin nauyin gaya mini abin da yake so har sai ya bi ta wurin uwarsa. Zan saya masa. A shagunan bakin filinmu ba na jin zan samu, sai dai in biya ta Fordham Road gobe bayan Juma'a.