Abin da aikin asibiti ya koya mini game da minshari da hawan jini

Idan mai hawan jini yana shan magani kala 3, ciki har da mai sa fitsari, yana kuma sha a kan ƙa'ida, amma awo ya ƙi sauka ƙasa da 140/90, to kafin a ƙara masa na huɗu a binciki barcinsa. Shi kansa zai ce lafiya lau yake kwana, don haka matarsa ake tambaya: "Hajiya, Alhaji yana minshari? Yakan yi shiru kamar numfashi ya ɗauke, sannan ya zabura?" Sau da yawa amsarta ta fi takardar gwaji amfani.

Mutum na yin barci, naman maƙogwaro yakan saki. Ga mai ƙiba, mai kaurin wuya ko mai ƙaramar haɓa, hanyar iska sai ta rufe gaba ɗaya. In rufewar ta kai daƙiƙa 10, an ƙirga ta a matsayin ɗaukewar numfashi. Oksijin ya ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta firgita, ta tashe shi na ɗan lokacin da ba zai tuna ba, zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyin jini su tsuke. Ga mai lafiya, awon jini yakan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari da daddare. Shi kuwa wannan, nasa hawa yake yi duk dare, har jiki ya saba ya riƙe shi haka da rana. Ta nan wannan cuta ta ɗaukewar numfashi cikin barci ke da alaƙa da shanyewar ɓarin jiki, rikicewar bugun zuciya, da ciwon suga mai wuyar daidaitawa.

Ba kowane mai minshari ne ke da ita ba. Abin dubawa shi ne gyangyaɗi da rana, a bakin aiki, lokacin huɗuba, ko, Allah ya kiyaye, a kan sitiyari, da ciwon kai da bushewar baki da safe. A auna wuya da tef ɗin tela. In ya wuce santimita 40, ga shekaru sun haura 50, zargi ya ƙarfafa. Tabbaci sai da gwajin barci, wanda ke ƙirga yawan ɗaukewar ko raguwar numfashi a awa ɗaya: 5 zuwa 14 mai sauƙi ne, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani. Wuraren gwajin ba su da yawa a ƙasashenmu, shi ya sa tambaya mai kyau ke da daraja.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne na maganin barci. Mutum ya ce ba ya ƙoshi da barci, a miƙa masa diazepam a kemis. Maganin yana ƙara sakin naman maƙogwaro, yana kuma dakushe farkawar nan da ke ceton sa, sai ɗaukewar numfashin ta ƙara tsawo. Tiramadol, kodin da giya ma haka suke. Cire beli a wurin wanzami kuwa ba ya magance ta, don toshewar ba a beli kaɗai take ba.

Magani mafi inganci shi ne na'urar hura iska da ake kira CPAP, wadda Colin Sullivan ya fito da ita a Ostireliya a 1981. Tana tura iska ta abin rufe hanci don kada hanyar ta rufe, kuma ana so a yi aƙalla awa 4 da ita kowane dare. Yawancin masu ajiye ta, matsalarsu ƙarama ce: abin rufe hancin bai dace da fuska ba yana zubar da iska, ko hanci na bushewa saboda ba a zuba ruwa a tankin danshi ba, musamman da hunturu. Sai kuma wuta. Wanda ba shi da sola ko batir, a yi wannan lissafi kafin ya kashe kuɗinsa. A kuma gaya masa gaskiya: na'urar tana kawar da gyangyaɗi sosai, amma hawan jini kaɗan take ragewa, ba za ta maye gurbin ƙwayoyinsa ba. Rage kashi 10 cikin ɗari na nauyin jiki yana rage ɗaukewar da kusan kashi ɗaya bisa huɗu, kwanciya ta gefe kuma ta fi rigingine.

Yawan tashi fitsari da dare shi ma yana rikitarwa. Ana saurin ɗora shi kan suga ko kumburin da ke tare mafitsara ga dattawa, alhali ɗaukewar numfashi kanta tana sa zuciya ta saki sinadarin da ke ƙara fitsari. Wani lokacin kuma laifin lokacin shan magani ne. Furosemide, maganin sa fitsari, da safe ake sha, ba bayan isha'i ba. Wanda kuwa ba ya iya kwanciya sai da filo 3, ga ƙafa a kumbure, zuciyarsa za a duba.

Wata matsalar barcin daban ce: akwai masu cewa da sun kwanta sai su ji kamar kiyashi na yawo a cikin ƙafafunsu, ba sa samun sauƙi sai sun motsa ko sun tashi sun taka. An fi ganin wannan ga masu juna biyu da masu ciwon ƙoda, kuma sau da yawa ƙarancin sinadarin ƙarfe ne. A auna feritin, wato ajiyar ƙarfe a jiki, ko da gwajin yawan jini ya nuna lafiya. In ya gaza 75, a ba da maganin ƙarin jini. Piriton da amitriptyline, da ake yawan bayarwa don barci, ƙara ta'azzara shi suke yi.

Yaro mai minshari da baki buɗe, ga fitsarin kwance da rashin natsuwa a aji, a leƙa maƙogwaronsa a ga girman tonsil, wato ƙullutun nama biyu da ke gefen maƙogwaro. In mai sikila ne kada a jinkirta, domin raguwar oksijin da dare tana iya tayar masa da ciwo.