Kwarashi ɗaya, hula biyu

Da kwarashin Gwaggo na fara, wani siririn ƙarfe da bakinsa ya yi sumul don aiki. Bayan la'asar take zaunar da ni gindin dogon yaro a gidanmu nan Tahoua, ta naɗa mini zare a manuniyar hagu ta ce, "Ke ɗiyar nan, sassauta hannu, zare ba ya son faɗa." Mako 2 cur sarƙa kawai nake ja: rataya zare, jawo ta cikin madauki, sake ratayawa. Daga nan ta nuna mini gajeren ƙulli, wanda ake soka kwarashi kai tsaye a jawo, sai dogo, wanda ake fara naɗa zare kafin a soka. Duk wata saƙar kwarashi da kuka gani, daga waɗannan 3 ta fito.

Ni dai leshi ya ɗauke mini hankali. Sirrinsa huda ne. Ki ja sarƙa 5, ki tsallake ƙulli 3, ki kama na gaba, sai ga raga ta buɗe kamar fure. Da zaren auduga siriri da kwarashi mai kaurin milimita 1.5 nake yi wa amare bakin mayafi da rufin tire. Na ji daɗi ranar da na san cewa a ƙasar Ayalan, lokacin yunwar da ta fara a 1845, da irin wannan leshi mata da yawa suka ciyar da gidajensu. Sunan kwarashi ma asalinsa Faransanci ne, ma'anarsa ƙaramar ƙugiya.

Bara Baba ya ce in saƙa masa farar hula irin wadda alhazai ke tsaraba daga Makka. Sau 2 ina yi tana fitowa lagwai-lagwai, ba ta zama a kai. Ina lalube a YouTube sai na faɗa kan wata mata tana saƙa hular Yahudawa, wadda suke kira kippa da Ibrananci, wasu kuma yarmulke. 'Yar da'ira ce, da kaɗan ta fi tafin hannu, mazansu ke ɗorawa a tsakiyar kai, sau da yawa su maƙale ta da abin kama gashi. A littafinsu na Talmud an ambaci wani malami, Rav Huna ɗan Rav Yehoshua, da ba ya tafiyar kamu 4 kansa a buɗe, don girmama Allah da ke bisansa. Wannan ya taɓa ni, domin kakana ma ban taɓa ganin shi ya fita ƙofar gida ba hula ba. Kuma ba duka ake saƙawa ba: masu tsananin riƙon al'ada a cikinsu baƙar karan-miski suka fi sawa, Yahudawan Bukhara kuwa tasu babba ce mai ɗinki, tana kama da hulunan mazanmu.

Hannun matar nan na tsaya kallo. Babu huda ko ɗaya. Gajeren ƙulli ne zalla, a matse gam, tana zagayawa kamar mai ɗinkin faifai. Daga cibiya take somawa da ƙulli 6, zagaye na biyu 12, na uku 18. In ana ƙara 6 kowane zagaye, saƙa shimfiɗewa take yi. In an rage ƙarin, sai ta fara lanƙwasa ta bi siffar kai. Nan kuskurena yake, ƙari nake ta yi ba lissafi. Zanen baki kuwa, zare mai launi take ɓoyewa cikin ƙullin, sai inda take son shi ta fito da shi.

Na warware ta Baba har cibiya, na sake. Saman na matse shi irin na kippa, gefen na bar masa 'yar raga don zafin ƙasarmu ta Adar. Kwana 9 ta ci mini, manuniyata har ta yi kanta. Ranar Juma'a ya sa ta, ya shafa samanta da tafin hannu ya ce, "Uwata, wannan ta zauna." Yanzu ta ƙanensa nake yi, na kai zagaye na 14.